Shekarar da Na Ajiye Shebur

Na sha jin ku kuna ba 'ya'yanku labarin yadda na bar aikin jirgin ƙasa, kowa da irin nasa. Audu yana cewa Bature na mara aka kore ni, kuma na lura yana jin daɗin faɗin haka, har da gyara murya. Binta kuwa cewa take uwarku ce ta tsaya kai da fata sai da na bari. To ban mari kowa ba, Baturen ma ya fi ni tsawo nesa ba kusa ba, uwarku kuma da tana raye da ta ja wa Binta kunne. Da ƙafata na fita, ba wanda ya kore ni, ba wanda ya roƙe ni. Abin da nake nema a lokacin ba shi da wuyar faɗa: ina so in zama maigida a gidana, ba baƙon da ake yi wa shimfiɗa kwana biyu ya ƙara gaba ba. Ko na yi daidai ko na yi wauta, wannan ne ban sani ba har yau, ga shi gemu ya yi fari fat. Zan rubuta muku yadda aka yi, ku duba da kanku.

Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba injin wuta. Fayaman ake ce mana. Kana tsaye tsakanin tarin kwal da bakin tanderu, shebur a hannu, ka ɗebo ka watsa, ka ɗebo ka watsa, tun daga Minna har Kaduna, ko ka bi ta Zungeru har Jebba. In ka yi sanyin jiki tururi ya ragu, jirgi ya fara nishi a hawa, direba ya harare ka. In ka tofar da yawu baƙi ne, in ka fyace majina baƙa ce. Amma kada in yi muku ƙarya, ina son aikin. Ina son yadda mutane ke matsawa in na ratsa kasuwa da kakina, ina son ɗakin da aka ba mu a barikin ma'aikata, ga famfo a tsakar gida, ga ɗakin magani tafiyar taku kaɗan. Abin da ba na so shi ne allon nan da ke rataye a loko, wato rumfar da ake ajiye injuna. A kansa ake rubuta sunan kowa da inda zai tafi, da alli. Abin da allon ya ce shi za a yi, ko Sallah ce, ko gawa ce kwance a gidanka. Haƙoran Audu ban ga fitowarsu ba, tafiyar Binta kuma labarinta aka ba ni.

Direbana wani dattijon Bayarabe ne, Baba Lasisi, mutumin kirki mai yawan ƙorafi. A zamanin kowane direba da irin yadda yake jan usur ɗinsa. Na Baba Lasisi ja ɗaya ne mai tsawo, sai gajeru biyu, yana yi daidai kwanar da ake shigowa gari. Matan bariki sun haddace waɗannan koke-koke fiye da yadda suka san muryoyin mazansu. Da uwarku ta ji dogo ɗaya gajeru biyu, sai ta ɗora ruwan wanka, kafin mu kai injin loko mu kashe wuta tuwo ya sauka. Ba ta taɓa kuskure ba, kuma tana alfahari da haka.

Da damina aka haifi yarinyar, ta uku a gidan, ƙanwar Audu da Binta, yayar sauranku da ba ku san ta ba. Washegarin haihuwar na je loko na tarar an cire sunana daga ƙarƙashin na Baba Lasisi, an sa ni da wani direba zuwa Baro, bakin Kwara. Ba hukunci ba ne, gwaji ne. Wanda ake so a ɗaga zuwa kujerar direba sai an haɗa shi da wani baƙon hannu a ga yadda zai yi. Abin da na shekara goma sha ɗaya ina jira ke nan. Na tsaya gaban allon ina ƙirga kwanaki da yatsu, na ga zan dawo ranar kwana biyar, suna kuma sai kwana bakwai. Baba Lasisi ya dafa kafaɗata.

"Matanka ya haihu, Allah ya raya," in ji shi. "Amma wannan tafiya, Iro, kada ka bari shi. In ka ce a'a yau, su ba za su kira ka gobe ba."

Ban nemi izini ba. Na ɗaure rago a gindin mangwaro, na kai goro wurin maƙwabcinmu Malam Ndagi, wani Banufe mai aikin kafinta wanda duk barikin ke ɗauka a matsayin uba, na ce ya riƙe mini. Abu biyu ne ban yi ba. Ban gaya wa uwarku an canza mini direba ba, don tana ɗakin jego mata sun cika shi, kuma a ganina wannan ba zancen mata ba ne. Sannan ban gaya wa kowa sunan da na zaɓa ba. Haka na tashi na ga ubana yana yi: suna yana cikin uba har safiyar bakwai, sai liman ya zauna ya raɗa masa a kunne. Sunan uwata na yi niyya, Hadizatu, wadda ta rasu ina kan hanya ban samu jana'izarta ba. Na tafi da sunan a cikina kamar wanda ya kulle ɗaki ya tafi da makulli.

A hanyar dawowa ruwa ya cinye ƙasar da ke ƙarƙashin dogo, muka tsaya a wata ƙaramar tasha cikin daji muna jiran masu gyara. Kwana huɗu muka yi a wurin. Na san ranar suna da ta zo, na zauna a kan tarin kwal ina kallon gabas kamar zan hango Minna, ban hango komai ba sai bishiyoyi.

Abin da ya faru a gida Malam Ndagi ne ya ba ni labari. Bayan asuba maza suka taru a ƙofa, liman ya zo, wanzami ya zo, mahauci yana wasa wuƙa. Aka rasa uban jaririya. Ana cikin shawara sai ga kukan jirgi daga kwana, dogo ɗaya gajeru biyu. Uwarku daga cikin ɗaki ta aiko a ce wa maza su dakata, ga maigidan nan ya iso. Ta sa aka ɗora ruwan wanka. Mutane suka gyara zama, aka yi ta hira, rana ta fito, hantsi ya yi, masu zuwa aiki suka fara duban juna. Can sai ga Baba Lasisi shi kaɗai, ya yi wanka ya sha babbar riga, ya zo cin suna, yana tambaya ina angon ƙarni. Liman ya ce ba a ɗaga suna don uba ba ya nan, a samu babba ya faɗa. Aka shiga aka tambayi uwarku ko na bar mata suna, ta ce ban bar ba. Malam Ndagi ya sunkuya ya raɗa wa liman abin da ya zo masa a baki.

Ranar kwana tara na shigo gida, baƙi ƙirin, ƙafar ragon da aka ajiye mini tana rataye. Na yi sallama, na tsaya bakin ƙofar ɗaki. Uwarku tana zaune da jaririya an aske mata kai. Ba ta ɗago ba. Na yi ta juya maganar a bakina, don ban san yadda ake yin ta ba, ban taɓa jin wani ya yi ta ba.

"Yaya sunanta?" na ce.

"Maryamu."

"Wa ya sa?"

"Wanda yake nan."

Sai ta fara kuka, ba mai sauti ba. Ta ce ba rashin zuwana ya fi ƙona mata rai ba, ta saba. Ta ce ita ce ta tsayar da maza tun asuba har hantsi a kan maganarta, ta ce ga shi nan ya iso, mata suna ji, ashe mijinta ma ba ya cikin jirgin kuma ba ta sani ba. Malam Ndagi da ya ji na dawo ya zo yana ba ni haƙuri, ya ce in ina so a kira liman a canza, addini bai hana ba. Na ce a bar shi. Mutane sun ci nama da wannan sunan, sun yi addu'a da shi, ni wane ne da zan zo daga baya in ce a sake. Amma kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ba ta sake ni ba.

Gwajin kuwa na ci. Aka ce in ƙara haƙuri, kafin shekara ta zagayo za a ba ni injin. Na yi zaton zan yi murna, sai na ji wayam. Wata biyu ina aiki kaina a ɗaure. In ina kan hanya sai in rantse wannan ce tafiyata ta ƙarshe, in na dawo na ga famfo da ɗaki da yara sun ƙoshi sai in ce kai Iro, hauka kake. Ranar da na shiga ofis ma ban fita gida da niyyar ajiye aiki ba, zuwa na yi duba allo. Na ga sunana, na ga Jebba, kawai ƙafafuna suka wuce da ni. Baturen da ke shugabancin loko ya sa akawu ya tambaye ni wa ya ɓata mini rai. Na ce babu. Ya ce to me nake so.

"Ina so in riƙa kwana a gidana," na ce.

Akawun ya dube ni, ya danne dariya.

"Malam Iro, wannan ba maganar da zan juya wa Bature ba ce. Kawo wata."

Na ce ba ni da wata. Ya juya ya yi Turancinsa mai tsawo, Bature yana gyaɗa kai da tausayi. Daga baya na ji wai ce masa ya yi ubana ne ba lafiya a ƙauye, uban da ya shekara ashirin a kabari. Baba Lasisi kuwa bai danne komai ba. Ya biyo ni har ƙofar loko yana faɗa.

"Kai ya hau bishiya, saura kadan ka kama 'ya'ya, sai ka sauka? Saboda suna? Yarinya yana da suna, me ya rage? Ni 'ya'ya bakwai, suna biyu na gani, duk suna kira ni Baba."

Rabin zuciyata tana bayansa. Na taho gida ina lallashin kaina da cewa aƙalla mutum ɗaya zai yi farin ciki. Na sami uwarku tana tankaɗe, na gaya mata. Ta ajiye rariya ta dube ni tun daga hula har takalmi.

"Malam, wa ya ce ka bari?"

"Ke ba kuka kika yi ba?"

"Kuka na yi. Ban ce ka bar aiki ba. Da ka tambaye ni, da na ce ka riƙa gaya mini jirgin da kake ciki, shi ke nan."

Kun ji wadda Binta ke cewa ta tilasta ni. Na bar aiki don in zauna da ita, kuma ko shawara ban yi da ita ba. Sai a lokacin na ga haka, aikin gama kuwa ya gama.

Muka kwashe kaya daga bariki muka koma Ketaren Gwari, gidan ƙasa mai ɗaki biyu, ruwa sai an je rijiya. Na kafa rumfa a ƙofar gida, bakin hanyar da ke zuwa Bosso, na fara gyaran keke, don wanda ya yi shekaru yana shafa injin jirgi sarƙar keke ba za ta gagare shi ba. Haka na ɗauka. Facin farko da na yi wa wani malamin makaranta, ko masallaci bai kai ba tayar ta sace, ya dawo yana tura keken yana kirana Direba. Sunan ya bi ni. Tsofaffin abokan aiki in sun wuce sai su tsaya su ce Direba, yau ina aka nufa, Kaduna ko Jebba? In yi dariyar yaƙe. A cikin gida ma ban san inda zan sa kaina ba. Uwarku ta shekara goma tana tafiyar da gidanta ita kaɗai, yanzu ga namiji yana leƙowa yana tambayar me ya sa aka bar tulu a buɗe. Yara in na shigo sai su yi tsit. Wata rana ta ce mini, cikin ladabi, ko ba ni da wani abokin da zan je wurinsa hira.

Amma akwai daɗi, kuma ba zan ɓoye shi ba don labarin ya yi kyau. Na fara cin tuwo da zafinsa kullum. Na san matan Gwari da ke wucewa da doya a kafaɗa, har suna ajiye mini mai kyau. Hannuna ya faɗa da aikin, har ya zama in keke ya taho daga nesa ina jin inda ciwonsa yake. Sai kuma Maryamu. Ita ce 'yar da na fara ɗauka a hannuna ba tare da ta yi ƙara ba. Zamanta a gabana aka yi, rarrafenta a gabana aka yi. Takan rarrafo ta zaure ta fito rumfa, ta kama ƙafar wandona ta miƙe, hannunta duk baƙin mai, uwarku tana faɗa daga ciki. Duk ranar da na ji kukan jirgi zuciyata ta yi nauyi, sai in dubi yarinyar nan in ce to, ga abin da na saya. A watannin nan na kusa yarda na yi daidai.

Da bazara ƙyanda ta shigo unguwa, ta kama ta. Jiki ya yi zafi, idanu suka yi ja, ƙuraje suka feso. Kwana na biyu da safe uwarku ta fito har zaure da mayafinta a hannu, abin da ba ta saba ba, ta tsaya daga ciki ta kira ni.

"Malam, numfashinta bai yi mini ba. In kai ta asibitin gari?"

Ni kuwa tun jiya dattawan unguwa sun zauna a rumfata sun gaya mini yadda ake yi. Mai ƙyanda ba a fitar da shi iska, ba a kai shi inda za a yi masa allura, allura tana mayar da ƙurajen ciki. A rufe ɗaki, a ba da jiƙo, a jira su gama fitowa. Mutane ne masu furfura, sun yi jikoki, ni kuma ban taɓa jinyar yaro ba ko sau ɗaya, duk cutar da aka yi a gidana ina kan dogo aka yi ta. Ga shi karo na farko an zo an tsaya ana tambayata abin da za a yi a gidana. Ba zan ɓoye muku ba, har wani daɗi na ji.

"A bar ta a ɗaki," na ce. "Manya sun ce ba a fita da ita. Mu ga jibi."

Ta naɗe mayafin ta koma ciki.

Ba mu ga jibi ba. Washegari bayan azahar numfashin ya koma sama-sama, na ce a kawo ta mu tafi asibiti, na karɓe ta na saɓa a kafaɗa. Ko rijiya ban kai ba na ji ta yi nauyi. Na tsaya a tsakiyar hanya, rana tana dukana, ban san ko in ci gaba ko in juya ba. Kafin la'asar ta yi sanyi mun kai ta. Ni na ɗauke ta a hannuna har makwancinta, ni na sa ta, ba a nemi wani babba ya tsaya a madadina ba.

Liman ya ce kwananta ne ya ƙare, kuma na yarda, har gobe na yarda. Yara da yawa sun tafi a bazarar nan, har da waɗanda aka kai asibiti. Baba Lasisi ya zo gaisuwa ya zauna kusa da ni bai ce uffan a kan aiki ba, Allah ya jiƙansa. Sai dai kai ba ya barin mutum. In na ce da ban bar jirgi ba da ban san ta ba sam, sai wata zuciyar ta ce da ba ka bari ba da kuna bariki, ɗakin magani yana bayan katanga. In na ce ai na samu wata goma da ita, sai in ji ana tambayata, ita fa me ta samu. Na gyara kekuna shekara talatin bayan haka, na ga fitowar haƙoran sauranku da aka haifa bayanta, na raɗa sunan kowannenku da bakina, kuma ban gama wannan gardamar da kaina ba.

Bayan an share makoki, wata rana da hantsi ba ciniki, na shiga cikin gida na sami uwarku zaune a inuwa tana tsintar shinkafa a faifai. Na zauna a kan turmi. Akwai abin da ke cina, na ce bari in tambaya ko zan ji sanyi.

"Audu ya taɓa yin ƙyanda?"

"Ya yi. Binta ma ta yi. Kana Jebba."

"Me kika yi musu?"

"Na goya su na kai wa likita."

"Ba a ce miki ba a fita da su ba?"

"An ce."

"To wa kika tambaya?"

Ta ɗago ta dube ni, ba da fushi ba, kamar dai tana mamakin tambayar.

"Wa ke nan da zan tambaya, Malam?"

Ta mayar da kanta ga faifai ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Ni kuma na ci gaba da zama a kan turmin, a tsakar gidana, da rana tsaka, ba inda za ni.